Amsa ga Gwaggo kan yadda muke jiran Kirsimeti a Kumasi

Gwaggo, ina gaishe ku da fatan kun gama kaka lafiya, dawa ta shiga rumbu, sanyin bana kuma bai tsananta muku ba. Saƙon da kuka aiko ta wayar jikanku ya iso, kuma tunda a gaban jama'a kuka yi tambayar bayan an tashi daga sujada, na ga ya dace in amsa a rubuce domin a karanta wa duk wanda ya ji ta. Kun ga hoton cocinmu da kyandirori huɗu a gaban bagade, da Fada sanye da riga mai launin shunayya, kuka tambaya ko wannan ibadar Almasihu ce ko kuwa al'adar Tonawa, wato mutanen Asante, muka ɗauka. Kuka ƙara da tambayar da ta fi yi mini nauyi, wato ko akwai sauran Hausa a gidan ɗan'uwanku, tunda ni 'yarsa na auri Batone na bi shi Katolika.

Kyandirorin nan ba na Tonawa ba ne, kuma ba a Ghana aka fara su ba. Lahadi huɗu kafin 25 ga Disamba lokaci ne na jiran zuwan Almasihu, yana farawa daga Lahadin da ta fi kusa da 30 ga Nuwamba, kuma daga ranar ce sabuwar shekarar coci take kamawa. Kowace Lahadi ana ƙara kunna kyandir ɗaya. Launin shunayya alamar tuba ne, shi ya sa a waɗannan makonni ake rage ado a coci, ana ajiye babbar waƙar ɗaukaka da aka saba yi kowace Lahadi har sai daren haihuwa, ana karanta annabi Ishaya da wa'azin Yahaya Mai Baftisma, mutane kuma suna yin layi da yamma domin furta zunubansu. Na san a cocinku na ECWA ba a saba ware waɗannan makonni da suna ba, amma ku ma kuna share gida tun kafin baƙo ya iso, abin da muke yi ke nan da zukatanmu. 'Yan Angilikan na Wusasa da na Bari, waɗanda ba wanda ya taɓa shakkar Hausarsu, su ma suna kiyaye wannan lokaci.

Game da siffofin da kuka gani a cikin 'yar bukkar ciyawa, na Maryamu da Yusufu da makiyaya, ina so hankalinku ya kwanta cewa ba ma yi musu sujada. Tun shekarar 1223 Faransis na Asisi ya shirya irin wannan a wani ƙauye na Italiya domin talakawa su ga labarin Luka sura 2 da idonsu. A cocinmu matasa ne suke gina bukkar da ganyen kwakwar manja, su bar komin dabbobin ba kowa a ciki har daren 24, sa'an nan a kawo siffar jaririn a kwantar. Ganguna kam na Tonawa ne, ba zan ɓoye muku ba. Babban Bishop Peter Kwasi Sarpong, wanda ya jagoranci Katolikan Kumasi daga 1970 zuwa 2008, shi ya tsaya tsayin daka har kiɗan fadar Asante da rawarsu suka shiga ibada, dalilinsa kuwa shi ne abin da ake girmama sarki da shi ya fi cancanta a girmama Sarkin sarakuna da shi. Ban ga bambancin wannan da tulun da matan Zumunta suke bugawa a cocinku ba, domin shi ma ba Turawan mishan ne suka zo da shi ba.

Abin da ya fi kama da gida a wurina shi ne godiyar kaka. A nan kuɗi suna shiga hannun mutane ne bayan an buɗe kasuwar koko a watan Oktoba, saboda haka coci da yawa sukan sa ranar godiyarsu dab da ƙarshen shekara. Inda ku kuke kawo damin dawa da kwanon gyaɗa, su agada da doya da gwaza da akuya suke kawowa, a yi gwanjonsu a harabar coci, mutum ya sayi doya guda da kuɗin buhu saboda ya san inda kuɗin za su. Sa'an nan sai a kira baiko bisa ranar haihuwa: 'yan Lahadi su fito da rawa su zuba, 'yan Litinin su biyo, har a kai Asabar, a ƙirga a faɗi ranar da ta fi. Ni da aka haifa ran Talata nakan shiga layin Abena, wadda a gida Talatu za a ce mata, kuma ban taɓa jin baƙunta a layin nan ba, tunda mu ma muna da Ladi da Lami da Jummai da Asabe. Daga abin da aka tara ne ake saya wa gwauraye da marayu shinkafa da mai, ƙungiyar Vincent de Paul kuma ta zaga gidajen marasa lafiya da tsofaffin da ba sa iya fitowa.

Yanzu sai batun aure, wanda na san shi ne ainihin abin da yake damunku. Baba ya bar ƙasar Sumaila yana saurayi, ya biyo fataken shanu har Kumasi, da Littafi Mai Tsarki na Hausa bugun 1932 wanda 'yan mishan na SIM suka ba shi. Ya tarar da Zango cike da Hausawa, amma bai tarar da coci ko ɗaya da ake sujada da Hausa ba. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Firayim Ministan Ghana Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar, wa'adin ya cika a farkon Disamba, motoci suka yi ta kwasar mutanen da wasunsu a nan aka haife su. Baba ya sha gaya mana cewa wani dattijon Batone, katikis (malamin addini a coci), wanda Baba yake yi wa aiki, shi ya yi ta zirga-zirga har ya samo masa takardar zama, kuma a gidan mutumin nan ya ci Kirsimetin shekarar, alhali ɗakunan abokansa duk an rufe su da kwaɗo. Saboda haka, Gwaggo, lokacin da ɗan Tonawa ya aiko neman aurena, Baba bai ga baƙo ba. Duk da haka sai da ya sa suka kawo goro da lefe da sadaki bisa al'adarmu kafin a je gaban Fada, kuma ku shaida ne, domin an aiko muku da naku goron.

Wahalar da take cikin irin wannan aure gaskiya ce, sai dai ba inda kuke zato take ba. Tonawa ta wajen uwa suke lissafin dangi da gado, mu kuwa ta wajen uba. Don haka dangin maigidana suna ƙaunar 'ya'yana, amma idan aka zo maganar gidan kaka ko gonar kokon dangi sai a ce ai 'ya'yan Bahaushiya ne, danginsu suna wajen uwarsu. Idan kuma na juyo gida, sai in ji kuna cewa ɗa na uba ne, waɗannan Tonawa ne. Kowane ɓangare yana miƙa su ga ɗayan, yaran kuma suna ji. Dokar gado ta Ghana ta 1985 ta kāre haƙƙin mata da 'ya'ya a dukiyar da mutum ya tara da guminsa, don haka ba tsoron talauci nake yi musu ba. Abin da nake so shi ne a sami wuri guda da za a ce musu ku namu ne ba tare da an ƙara da amma ba. A Kumasi coci ce ta zama musu wannan wuri, inda babba yake cikin mawaƙa, ƙaramar kuma ta fito a matsayin mala'ika a wasan Kirsimeti na yara. Ina fata ƙauyen kakansu ma ya zama haka, kuma wannan a hannunku yake, ku manya.

A Zango kuma wata tambayar ce daban. Mutum zai ji Hausata a kasuwar Asawase ko Aboabo, ya sake da ni, sai ya hangi gicciye a wuyana ya ce, Bahaushiya kuma Kirista? Ba na jin haushinsu, domin mafi yawansu ba su taɓa jin cewa akwai ƙauyuka a Kano da Jigawa da Katsina inda Hausawa tsantsa suke cika coci ran Lahadi ba. Nakan yi musu bayani, su yi mamaki, mu ci gaba da ciniki. Zaman da muke yi da su na mutunci ne. A 2019 babban limamin Ghana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya halarci sujadar Ista a cocin Katolika ta Christ the King da ke Accra yana da shekara ɗari a duniya, kuma abin da ya yi a bainar jama'a shi muke yi a unguwa kullum ba mai ɗaukar hoto. Abin da yake sosa mini rai shi ne, a nan ana shakkar Hausancina saboda addinina, a gida kuma, inda aka san addinin nan sarai, ana shakkarsa saboda aurena.

Bari in gaya muku yadda 24 ga Disamba take a gidana, ku yi hukunci da kanku. Da sassafe mahauci Musulmi yake zuwa daga Zango ya yanka akuyar, kamar yadda Baba ya saba, domin kada wani maƙwabci ya karɓi kwanonmu da shakka a zuciyarsa. Shinkafar waina tun jiya take jiƙe, na kai ta inji, na sa yis, ƙullun ya tashi har yana taɓa murfin roba. Tandar da nake amfani da ita ta ƙasa ce, ta mahaifiyata, gefe ɗaya ya ɗan fashe, kuma na hana kowa ya musanya mini ita da ta ƙarfe. Ina gefe ina juya waina da tsinke, dangin maigida suna can suna kirɓa sakwarar rogo da agada, miyar taushe tana tafasa kusa da tasu miyar naman akuya mai ruwa-ruwa. Da dare mu tafi Misa, wato sujadar Katolika, a yi ta da Tonanci, a kaɗa ƙararrawa lokacin da waƙar ɗaukakar nan ta dawo bayan mako huɗu, a fito ana ta gaisuwar Afehyia pa, wato barka da zagayowar shekara. Idan mun dawo gida, kafin kowa ya taɓa abinci, nakan ɗauko Littafin Baba in ba ɗaya daga cikin yaran ya karanta labarin haihuwar da Hausa, mu yi addu'ar Ubangiji da Hausa, mu rera waƙoƙin da ya koya mana. Washegari yara su fita da kwanuka gida-gida, na Musulmi da na Kirista, ran Sallah kuma kwanukan su dawo mana cike.

Ba zan ce Hausar yaran ta kai taku ba. Hausar Zango suka tashi da ita, inda ake ce wa mace ya zo, kuma idan zance ya yi zafi sai su koma Tonanci ko Turanci. Wannan yana damuna, ina kuma gyara musu iyakar ƙoƙarina. Amma suna durƙusawa su gai da babba, ba sa kiran sunan yayansu gatsau, sun san kunya, sun san cewa ba a cin abinci a bar baƙo yana kallo. Na kuma ji daga bakinku cewa samarin da suke dawowa ƙauye daga Legas da Abuja a Disamba, waɗanda ba su taɓa ƙetare iyakar ƙasa ba, wasunsu ko gaisuwar kirki ba sa tsayawa yi, ba wanda ya ce sun daina zama Hausawa.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma da ladabi nake yin sa. Tun da Baba ya rasu, mu ne muke kira, mu ne muke aike, idan kuma saƙo ya zo daga gida yawanci tambaya ce ta bincike, ko mun canza, ko mun ɓace. Ba wanda ya taɓa tambayarmu yadda muke ji idan muka zauna a coci mai cike da mutane ba mai yi mana barka da Kirsimeti da harshenmu. Kirsimetin ƙauye da na taɓa gani ina yarinya har yanzu yana raina, da ankon mata, da zagayen waƙa gida-gida cikin sanyin asuba, da yadda aka kasa naman watanda a kan ganye kashi-kashi ana kiran sunan kowane gida, har aka kira sunan Baba ko da yake ya daɗe ba ya nan.

Saboda haka na aika da kuɗin kaso ɗaya na watandar bana ta hannun jikanku, da roƙon a ci gaba da kiran gidan Baba, naman kuma a ba wa gwaurayen da kuka ga sun fi bukata. Babban ɗana yana shirin zuwa bayan sabuwar shekara idan Allah ya yarda, zai sauka a Kano ya shigo motar Sumaila. Ina roƙonku ku sa a nuna masa gonar kakansa da kabarin iyayenku, ku kai shi coci ku gabatar da shi da sunan gidanmu, idan ya yi kuskuren Hausa ku gyara masa ba a gaban mutane ba. Ku gai da Baffa da Pasto da dukan mutanen gida, Allah ya kai mu ranar lafiya.