Amsa: Ta ina za a fara gyaran hanyar Ɗan Isa?

Malam, ka tambayi ta ina mutanen unguwa za su fara in suna son a gyara bakin hanyar da ta fita daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa. Ni dai ina ganin magudanan ruwa ne farko, kafin fitilu, kafin komi. Ruwa ke cin kwalta: ya kwanta a gefe, ya shiga ƙarƙashi, kamiyo ɗaya mai kaya ya taka, sai rami. Kuma garin nan na Maraɗi ya san ruwa, ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta hau da mu kan tudu.

Bayan nan sai wurin tsayawar manyan motoci. Kayan Kano da Katsina ta Jibiya suke shigowa, direba bai da inda zai sauke, dole ya tare hanya, ƴan kabu-kabu su kutsa ta gefe, nan ake buge yara.

Amma don Allah kada a kori masu tebur ba a ba su wani wuri ba, abincinsu ke nan. Ku zauna da su, da direbobi da mai unguwa, ku rubuta buƙatunku ku kai ma'aikatar magajin gari tun damina ba ta faɗi ba.