Kada a soke darasin waƙa kana kallo

Ɗana, ka tambaye ni ko ka ja bakinka tunda shugaban makaranta ya ce a soke darasin waƙa a ba bitar jarrabawa lokacinsa, ko ka yi magana alhali kai sabon shiga ne. Ka yi magana. Amma ka fara tabbatar wa kanka cewa abin da kake karewa darasi ne na gaske.

Na faɗi haka ne don mu malamai mu muka zubar wa waƙa da mutunci a aji. Malami ya gaji, sai ya ce yara su tashi su rera wani abu, shi ya koma gefe yana duba littattafai. Wanda ya leƙo ta taga ya ga haka, me zai hana shi cewa ɓata lokaci ne?

Kari da amshi suna riƙe wa yaro jerin kalmomi, shi ya sa haddar da aka yi da waƙa take zama daram. Sai dai akwai tarko a ciki. Yaron da ya haddace jadawalin sau da waƙa, ka tsare shi ka ce bakwai sau takwas, za ka ga leɓensa na motsi, ya koma bakwai sau ɗaya yana hawowa a hankali. Waƙar ta zauna, lissafin bai shiga ba tukuna. Don haka in kun gama rerawa, ka jefa tambaya daga tsakiya, ka jefa daga ƙarshe, ka sa su jera tsakuwa bakwai-bakwai har layi takwas su ƙirga da hannunsu su ga 56. In ba ka yi wannan ba, shugaban naka yana da gaskiya.

Ka kuma sa ido a kan wanda ba ya magana. Mai in'ina, sau da yawa in ya shiga waƙa harshensa sakewa yake yi. Na taɓa koyar da wata yarinya da ko kiran suna ba ta iya amsawa sai ta sunkuyar da kai. Na ɗora ta a kan bayar da waƙa, sauran suna amshi. Daga nan ne ta fara ɗaga hannu a darasin karatu, kuma babu takardar jarrabawar da za ta nuna maka wannan.

Ba mu muka fara wannan tunani ba. Zoltán Kodály, wani masanin kiɗa na ƙasar Hangari, ya gina koyarwarsa a kan cewa yaro ya fara da muryarsa da waƙoƙin harshen uwarsa, kafin a miƙa masa wani kayan kiɗa. Ka ga ke nan rashin kuɗin sayen kaya ba hujja ba ne, murya da tafi sun isa. A Benezuwela kuma wani masanin kiɗa, José Antonio Abreu, ya kafa shirin koya wa yara kiɗa mai suna El Sistema a 1975, ya jawo dubban 'ya'yan talakawa cikin ƙungiyoyin kiɗa.

To, batun shugaba. Kada ka ƙalubalance shi a gaban malamai, domin ko ya ga gaskiyarka girma ba zai bar shi ya janye ba. Ka same shi a ofis, ka gaishe shi, ka miƙa masa takarda ɗaya: waƙa kaza don darasi kaza, ga yadda za ka gwada ko sun fahimta. Ka roƙi zango ɗaya na gwaji. In ya ce lokacin ya yi yawa, ka karɓi ko minti 15 ne. Ranar taron iyaye da malamai kuma kada ka yi dogon jawabi. Ka fito da yaran su rera, sannan ka ce wa iyayen su da kansu su yi musu tambaya daga duk inda suka ga dama.