Garin kununa ya fara kwantai: in biya talla ko in karya farashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar garin kunun gyaɗa a Zariya, ina zubawa a roba in kai shaguna, wasu kuma su saya ta WhatsApp. Da ba ya kwana, yanzu sai roba ta yi wata a shago ba wanda ya taɓa. Ƙanena ya ce in biya Facebook su yi mini talla, ƙawata kuma ta ce in karya farashi. Wanne zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki dakata da duka biyun tukuna. Talla baƙo take kawowa, wanda bai san kayanki ba. Ke kuwa waɗanda suka san kayan ne suka ɗauke ƙafa, don haka su za ki fara nema.

Ki duba wayarki ki zaƙulo waɗanda suka saba saye suka yi shiru, ki kira su ɗaya bayan ɗaya. Kada ki ce "garin ya yi daɗi?", kunya za ta sa kowa ya ce ya yi. Ki ce, "Hajiya, kwana biyu shiru, wane kunu ake damawa a gida yanzu?" A nan za ki ji ko wata ce ta ƙwace miki kasuwa, ko sun koma niƙa nasu, ko aljihu ne. Mai shago ma ki zauna da shi, don shi yake ganin wanda ya ɗauki roba, ya ji kuɗi, ya ajiye a hankali ya fita.

Na fi zaton aljihun ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Magidancin da yake sayen roba guda ya ajiye, yanzu cefanen yini yake yi. Bai daina son kunu ba, kuɗin roba ne ba ya iya fitarwa lokaci ɗaya. To, ki kai masa kayan daidai ƙarfinsa: ƙananan ƙulli a leda mai kyau, na damu ɗaya ko biyu, da sunanki da lambar wayarki a jiki. Da wannan dabarar madarar Cowbell ta shiga kasuwar Najeriya a 1993, ta sa madara a 'yar ƙaramar leda lokacin da talaka ke kallon ta gwangwani daga nesa. Daga baya manyan kamfanoni ma suka bi sahu.

Karya farashi kam ban ba ki shawara ba. Gyaɗa da shinkafa da kuɗin niƙa ba su ragar miki ba, uwar kuɗi za ki ci, kuma ranar da kika so mayar da farashi rigima ce. In kina son kyautatawa, ki yi gyara: wanda ya sayi ƙulli biyar ki ɗora masa ɗaya.

Sai abin da masu sana'a ba sa son ji. In kin rage gyaɗa kin ƙara shinkafa don riba ta fita, harshen mai saye ya riga ya gane, ko bai faɗa ba. Haka robobin da suka daɗe a shago, ki kwaso su. Gyaɗa tana da mai, in gari ya jima cikin zafi ƙamshinsa yakan juya, wanda ya saya sau ɗaya ba zai dawo ba.

Bayan wannan sai talla, ita ma ba ga kowa ba. Masu jego da masu yaye da gidajen suna su ne kasuwarki, hunturu da azumi kuma su ne kakarki. Ki ɗauki gajeren bidiyo kina dama kunun, a ga kaurinsa, ki sa a sitatus. In za ki biya Facebook, ki taƙaita tallan ga cikin birni da Sabon Gari da Samaru, inda ɗan acaɓa zai iya kai saƙo a yinin.