Amsa ga ƙanwata a kan tsohon asibitin Dorchester

Ƙanwata, bayan gaisuwa da fatan su Baba suna lafiya, na ga saƙonki inda kika ce an ba ki takardar ɗaukar aikin jinya a asibitin lardin Dorset da ke Ingila, amma da kika bincika a intanet sai kika ga hotunan gini biyu da suna ɗaya, ɗaya na zamani, ɗaya kuma tsohon ginin dutse mai kama da coci, har kika fara zargin ko 'yan damfara ne suka yi miki tarko. Ki kwantar da hankalinki, domin duka biyun suna nan a garin Dorchester, kuma kusan kullum nakan bi ta gefen tsohon.

Shi wannan tsohon yana titin Princes a tsakiyar gari. An kafa shi a wajajen 1840, kuma Benjamin Ferrey ne ya zana ginin. A wancan zamani babu ruwan gwamnati da irin waɗannan asibitoci, masu hali ne na lardi suke haɗa kuɗi duk shekara, kuma kowane mai bayarwa yana da damar rubuta wa talaka takardar shaida, wadda da ita ake karɓarsa. Manomin da rashin lafiya ta kama sai ya fara neman mai gonar ko limamin cocin ƙauyensu ya sa masa hannu kafin ya samu gado. Manyan likitoci ba sa karɓar albashi a nan, daga attajiran da suke dubawa a gidajensu suke samun abinci. Wanda kuwa tsufa da talauci suka gama da shi, gidan gajiyayyu ake kai shi.

Kada ki ɗauka talaucin wasa ne. A 1834, a cikin wannan gari aka yi shari'ar wasu leburorin gona shida daga ƙauyen Tolpuddle, waɗanda aka rage musu lada zuwa sule bakwai a mako, suka kafa ƙungiya tare da yin rantsuwa a asirce, aka yanke musu hukuncin kora zuwa Ostareliya na shekara bakwai. Domin irin waɗannan mutane da iyalansu aka gina asibitin.

A 1948 aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, asibitin ya koma hannun gwamnati, takardar mai kuɗi ta daina aiki. Daga baya ginin ya yi wa jama'a kaɗan, aka gina sabo a titin Williams, aka kammala ƙaura a ƙarshen shekarun 1990, aka mayar da tsohon gidajen zaman jama'a. Yanzu idan kika wuce, labule da tukwanen furanni za ki gani a tagogin da a da marasa lafiya suke kwance a bayansu. A ganina sun kyauta da ba su rushe shi ba.

Game da tambayar Baba ko ƙauye za a kai ki, ki gaya masa cewa mazauna garin sun ɗan haura dubu 20 ne kawai, amma shi ne hedikwatar lardi, kuma tun zamanin Romawa yake, lokacin da ake kiransa Durnovaria. Garin kasuwa ne, ma'ana ƙauyukan kewaye a nan suke cin kasuwa, kuma har gobe tana ci duk ranar Laraba. Wannan ne ya sa asibitin ya fi ƙarfin garin, saboda daga Weymouth da Bridport da ƙauyukan manoma ake kawo marasa lafiya, kuma yawancin waɗanda za ki yi jinya tsofaffi ne masu karin harshen karkara da zai ba ki wuya a makonnin farko. Jirgin ƙasa daga Landan yakan ɗauki kusan awa uku. Naman halal kuwa ni daga Bournemouth nake sayowa, in cika firiza.

Abin da nake so ki duba shi ne adireshin da ke kan takardarki. Idan titin Williams aka rubuta, sai ki nemi lambar wayar asibitin daga shafinsa na hukuma, ki kira ofishin ɗaukar ma'aikata da kanki ki tabbatar da sunanki, kafin ki ba kowa ko kwabo.