Hajiya, kada ki zare firizar da dare

Wata ƴar kasuwa daga unguwar Zariya a nan Maraɗi ta aiko da tambaya. Tana sayar da ƙanƙara, zoɓo, kindirmo da daskararrun kaji da kifi. Tun shigowar bazara kuɗin wuta ya kusa cinye ribarta, sai maƙwabciyarta ta ba ta shawarar ta riƙa zare firiza da dare ta mayar da safe. Tana son jin ko ta yi hakan.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a nema. Kada ki zare ta.

Aikin injin firiza shi ne kwashe zafin ciki ya zubar a waje. A Afrilu da Mayu, da rana zafin Maraɗi kan haura digiri 40, injin sai ya sha wuya kafin ya zubar da komai. Da dare kuwa gari ya ɗan huce, da wuta kaɗan yake tara sanyi. In kin kashe ta a lokacin, kin hana ta aiki sa'ar da aikin ya fi arha, gari na wayewa kuma ta tashi da bashin sanyi ta biya shi da tsakar rana. Ɗan abin da za ki rage, katan ɗaya na kaji da ya yi wari ya shafe shi. Nama da kifi suna son digiri 18 ƙasa da sifiri, a tsaye. Kifin da ya narke ya sake daskarewa dare bayan dare, ido ba ya gane shi, amma cikin yaran mai saye zai gane. Wannan haƙƙi ne a kanki tun kafin a zo maganar rasa ciniki.

Kuɗin ta wani wuri yake zurarewa, kuma zargina na farko zoɓon ne. Mata da yawa na gani suna ƙulla shi da sauran ɗuminsa su jefa ciki saboda sauri. Duk zafin tukunyar nan, mita ce ke biyansa. Ki dafa da yamma, ki sa tukunyar cikin bahon ruwa ta huce, ki ƙulla bayan isha'i. Ruwan ƙanƙara ma a wannan lokacin ya kamata ya shiga. Kindirmo ba firiza yake so ba, wurinsa firigo ne a wajen digiri 4, can sama, nesa da ɗanyen nama.

Sai robar bakin murfi. Ki sa takardar jika ɗaya ki rufe a kanta, ki ja. In ta zare ba gardama, sanyinki na fita dare da rana, kuma canza robar bai kai asarar wata guda ba. Ƙanƙarar da ke manne a bangon ciki in ta kai rabin santimita a narkar da ita, kar a kankare da wuƙa, a nan ake huda bututun gas. Ki janye firizar daga bango kamar faɗin tafin hannu, ki kau da ita daga inda rana ke bugu, ki kakkaɓe ƙurar hunturu da ta toshe bayanta.

Buɗe murfi don kowane ƙullin ƙanƙara ɗaya shi ma cin wuta ne. Da safe ki kwashe cinikin rabin yini a kula, daga can za a riƙa sayarwa.

Maganar ɗauke wuta kuwa, kin san akwai wutarmu da take zuwa daga Najeriya ta wajen Katsina, kuma kowa ya tuna halin da aka shiga da aka yanke ta a watan Agustan 2023. Firiza cikakkiya da ba a buɗe ba takan riƙe sanyi kusan kwana 2, mai rabin kaya kwana 1, firigo kuwa awa 4 kacal. A zafinmu ki ƙaddara bai kai haka ba. Don haka duk gurbin da babu kaya ki cike shi da gorunan ruwa, su daskare su zame miki ajiya. In wuta ta dawo, ki jira minti 5 kafin ki kunna.

Ranar da za ki sayi wata, ki duba ƴar takardar da ke manne a jikinta. Harafin T na nufin an ƙera ta don zafin da ya kai digiri 43, ST 38, N kuwa 32 kawai. Na hannu da ake kawowa daga Turai, a dinga duba wannan harafin da kyau, don mai N arharta a ranar saye take ƙarewa.

Kafin ki taɓa komai, ki rubuta lambar mitarki safe da dare har kwana 7. Ki yi gyare-gyaren nan, ki sake rubutawa wasu kwana 7, sannan ki raba kuɗin wutar a kan yawan ƙullin da kike sayarwa. In ƙanƙarar ba ta biyan wutarta, ko ki rage girman ƙullin ko ki ƙara mata kuɗi. Ki aiko mini da lambobin mu duba tare.