Ga Malamar da ajinta ke komawa kasuwa in ta raba yara rukuni-rukuni

Malama, sannu da fama. Kin ce an ba ki Turanci a SS1, yara sun haura 80, in kina bayani su yi ta gyangyaɗi, in kuma kika raba su rukuni-rukuni ajin ya koma kasuwa. Na sha wannan. Shekarata 14 ina koyarwa a makarantar gwamnati, kuma a farko ni ma cewa nake "ku zauna shida-shida ku tattauna". Mai ƙwaƙwalwar cikinsu ya yi aikin, sauran biyar su yi hirar ƙwallo. Laifina ne, ban sa musu komai a hannu ba.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne almakashi. Ina ɗauko labarin da aka ba da a taƙaita a tsohuwar takardar WAEC, in buga kwafi, in yanka shi jimla-jimla, in zuba a ambulan. Ba na bari a ja benci, don minti 40 ba ta ɗaukar wannan. 'Yan bencin gaba su juyo su fuskanci na baya, rukuni ya haɗu. Su fara jera jimlolin yadda labarin zai tafi daidai. Sai in ce su ware duk jimlar da misali ce ko ado. Nan ne ake gardamar gaske. Na taɓa ganin yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta danne wata 'yar takarda da yatsa, ta rantse ba za a cire ta ba, kuma ita ke da gaskiya. Daga nan sai in kwashe takardun, su rubuta abin da ya rage da kalmominsu, tunda masu duba jarrabawa suna zaftare maki idan yaro ya kwafo jimla sukutum.

Maganin 'yan kwanciya a bayan wani kuwa lamba ce. Kowa a rukuni yana da tasa, 1 zuwa 6, kuma ba sa sanin wadda zan kira. In na ce "masu lamba 4", su za su tashi su kare amsar rukuninsu. Za ki ga gwanin ya dage yana koya wa na kusa da shi, don kada a ja musu kunya.

Kalmomin "borrow" da "lend" ba sa zama da bayani, domin mu "ara" ɗaya gare mu, shi ya sa kike jin "borrow me your biro". Sai in sa kowa ya fito da abu ɗaya, biro ko rula, a yi ta aro da bayarwa da baki har harshe ya saba. Haka "p" da "f": su zauna bibbiyu, ɗaya ya ce "fan", ɗayan ya duba ko haƙoran sama sun taɓa leɓen ƙasa. Dariya za a sha, amma yana shiga.

Wasiƙa kuma, ki daina sa su rubuta wa wani kawu da babu shi. Mu famfon makaranta ne ya lalace, kowane rukuni ya rubuta wa shugaban makaranta, aka yi musaya ana duba adireshi biyu, kwanan wata, take da sa hannu, muka kai wadda ta fi. Ba a gyara famfon a zangon ba, amma tsarin wasiƙar ya zauna musu.

Surutu dai ba zai ƙare ba, kuma Hausa za ta riƙa kutsowa. Ni ba na hanawa muddin rahoton ƙarshe da Turanci ne. Ki gaya wa malamin ajin da ke jikin naki tun kafin darasi, ko ki fita da su gindin darbejiya. Ambulan ɗin kuma ki rubuta lamba a jikin kowace ki adana, har baɗi za su yi miki aiki.