An ƙidaya ɗiyata tana goye, me ya sa aka ce ba ta da takarda?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye nake kusa da Mirya. Ɗiyata za ta zauna jarabawar BEPC ta ƙarshen koleji, direkta ya ce sai da takardar haihuwa, alhali an rubuta ta lokacin ƙidayar 2012 tana goye, ga katin awo ma muna da shi. Wani ya ce in kai takardar yayarta da ta rasu tunda uwa ɗaya uba ɗaya ne. Wallahi barci ya gagare ni.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya jiƙan ta gaba, ya raya ta baya. Kwantar da hankalinka, abin yana gyaruwa.

Ƙidaya daban, eta sibil, wato rajistar haihuwa da aure da mutuwa, daban. Ma'aikatan INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, da suka zo gidanka a 2012 yawan jama'a suke lissafi, don a san inda ake bukatar rijiya da lakwal, ba su buɗe wa kowa rajista a meri, wato ofishin magajin gari, ba. Katin awo kuwa na likita ne.

Amma zancen takardar marigayiya, don Allah don Annabi kar ka soma. Kullum sai na gamu da wannan, kuma masu ba da shawarar nan su ne ƴan tsaye bakin meri da jaka a hammata suna cewa kawo kuɗi in gyara maka, ranar da abu ya ɓaci ba ka ƙara ganin ƙeyarsu. Ka duba fa, in ta shiga jarabawa da sunan yayarta to difilom ɗin da sunan zai fito, takardar zama ɗan ƙasa haka, katin ɗan ƙasa haka, fasfo haka, ita da ke raye gwamnati ba ta san da ita ba, wadda ke kabari ita ce mai karatu. Na taɓa ganin wata ta zo rabon gado da takarda a leda ta naɗe ta cikin zane, dangi suka ce ai mai wannan suna ta daɗe da rasuwa, ta zauna kan benci tana kuka, ni ma na rasa abin ce mata. Ga shekarun da aka ƙara mata, ranar neman aiki a ce ta wuce. Kuma laifi ne a shari'a, kai uba za a fara tambaya.

Dokar Nijar ta 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, kyauta, wurin maigari ko a likita. Taku ta wuce wannan, sai jujma, wato hukuncin alƙali da ke tabbatar da haihuwar. Ka je kotun Mirya da shaidu biyu da suka san haihuwarta da katin awon nan, nan ne zai yi amfani don akwai kwanan wata a jiki, in alƙali ya sa hannu ka kai meri su zuba a rajista su ba ka takarda. Ka kuma tambayi maigari ko akwai ranar da alƙali zai fito zaman ƙauyuka, in akwai ka haɗa da ƙannenta gaba ɗaya. Gobe ka fara biyawa wurin direkta ka ji ranar rufe dosiye.